Katin Girafik a Ƙasar Zafi da Ƙura: Wa Zai Ɗauki Asara Idan Na'ura Ta Ƙone?

Daga Ikara zuwa Makarfi, daga Tashar Yari zuwa Hunkuyi, kwamfuta ta daɗe da fita daga ofishin ƙaramar hukuma ta shiga shagunan matasa. Masu haɗa bidiyon biki da na wa'azi, masu tsara fastar 'yan takara da katin gayyata, ɗaliban Kwalejin Shehu Idris ta Makarfi da 'yan yankin da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, har da masu shagon wasan gem, duk abincinsu ko karatunsu ya rataya ne a kan na'urar da galibi ta hannu ce, an sayo ta a PZ ta Zariya ko a titin Beirut na Kano. A cikin irin wannan na'ura, ɓangaren da ya fi tsada kuma ya fi saurin ɗaukar zafi shi ne katin girafik, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoto. A kansa ake yin abubuwa biyu da mutane ke cuɗanya su. Na farko, tilasta masa gudun da ya wuce wanda kamfani ya tsara. Na biyu, kwance ƙarfen sanyaya shi a share ƙura, a sabunta man da ke tsakani, a mayar. Mai sayarwa yakan ce duk wanda ka yi cikin biyun garantinka ya faɗi. Ra'ayina shi ne wannan hukunci na bai ɗaya ba adalci ba ne. Ƙarin gudu a yanayi irin namu caca ce, kuma wanda ya yi ta shi ya kamata ya ɗauki asararta. Shara da sabunta mai kuwa kula ce da ta zama dole, bai kamata a hukunta mai kaya a kanta ba.

Kafin a yi gardama, a fara sanin yadda abin yake aiki. A cikin ƙwaƙwalwar katin akwai biliyoyin 'yan ƙananan makunnai da ke buɗewa da rufewa bisa bugun wani agogo na ciki. Katunan zamani suna yin wannan bugu sau biliyan ɗaya da rabi zuwa sama da biliyan biyu a kowace daƙiƙa. Duk bugu yana cin wuta, kuma kusan duk wutar da kati ya ci zafi take komawa. Katin GTX 1650 yana cin kimanin wat 75, RTX 3060 yana cin 170, RTX 4090 kuwa har 450, duk a kan ɗan faifan da bai kai tafin hannun jariri ba. Mai son ƙarin gudu yakan buɗe manhaja irin MSI Afterburner ya ɗaga bugun agogon, kuma don kada katin ya riƙa tsayawa, sau da yawa sai ya ɗaga matsin wutar da ke shiga. A nan lissafin yake juya masa baya. Cin wuta yana tashi daidai da ƙarin bugu, amma game da matsin wuta ya fi haka tashi, domin riɓanya ƙarin ake yi da kansa. Idan aka ƙara bugu da kashi 10 cikin ɗari, aka ƙara matsin wuta da kashi 10, zafin da katin zai fitar yana ƙaruwa da kusan kashi 33. Ƙarfen sanyaya da fankar da za su kwashe wannan zafi kuwa suna nan yadda suke, ba su ƙara girma ba.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take turawa ta ratsa ƙarfe, don haka zafin kati kullum yana zama ne a bisa zafin ɗakin. Turawan da ke gwada katuna suna nuna sakamako a YouTube galibi a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke aikinsu. A ɗauka wani kati ya tsaya a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22. Tazarar 48 ke nan. A kawo shi shagon kwano marar silin a Paki ko Gubuchi cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana a ƙasar Zazzau ke kusantar digiri 40, sai lissafin ya kai shi 88. Tun shekarar 2012 kamfanin Nvidia ya sanya wa katunansa tsarin GPU Boost, wanda ke ɗaga gudu da kansa idan akwai sanyi, ya kuma sassauta idan zafi ya hau, kuma yawancin katunan sukan ja birki sosai a wajen digiri 83. Ma'ana, katin da ke wannan shago tun kafin a taɓa shi ya riga ya fara rage gudu don ya tsira. Manoman rani na Kudan sun san abin da ke faruwa ga injin ban-ruwa idan aka ɗaure masa totur a ƙarshe da tsakar rana alhali matatar iskarsa ta toshe: ƙara ce ke ƙaruwa da shan mai, ruwan da ke fita bai taka kara ya karya ba, injin kuma yana cin kansa. Haka katin yake idan aka ƙara masa gudu a ɗaki mai zafi.

Ko da a ce komai ya tafi daidai, ribar nawa ce? A katunan wannan zamani, ƙarin da ake samu da wuya ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, domin kamfanonin sun riga sun tatse mafi yawan ƙarfin tun daga masana'anta. Ko da kashi 10 ɗin aka samu, aikin da ke ɗaukar minti 30 zai koma minti 27 da 'yan daƙiƙu, idan ma katin ne ke riƙe aikin. Sau da yawa wajen fitar da bidiyo ba shi ba ne. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar ce, ko ƙarancin ma'adanar wucin gadi, ko tsohon faifan ajiya mai juyawa. A ɗaya hannun kuma, katin da aka matsa wa yakan fara jefa ɗigo-ɗigo da layuka a hoto, ko ya tsaya cak ana saura kaɗan a gama, a sake aiki daga farko. Wanda ya ɗauki alkawarin kai bidiyon ɗaurin aure washegari bai ci ribar minti uku ba idan ya yi asarar sa'a guda da man janareta. An je neman ƙiba an samo rama.

Masu goyon bayan ƙarin gudu suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa katunan yanzu suna da kariya: manhaja ba ta barin a wuce wani iyakar wuta, idan zafi ya yi yawa katin zai rage gudu ko ya kashe kansa, don haka da wuya a ƙona shi da jan maɓalli kawai. Wannan gaskiya ne, matuƙar ba a sauya manhajar da ke cikin katin kansa ba, abin da wasu ke yi don cire wannan shinge. Amma kariyar tana hana mutuwar farat ɗaya ne, ba ta hana tsufan wuri. Injiniyoyi suna da ƙa'idar da suke aiki da ita game da kafasita masu ruwa a ciki, irin waɗanda ke cike da akwatin wutar kwamfuta: duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Fankar da ke juyawa a ƙarshen gudunta kullum, cikin ƙura, tana cinye bori ɗinta. 'Yan ƙwayoyin dalmar da suka haɗa ƙwaƙwalwa da allonta suna buɗewa idan sun yi zafi, su tsuke idan sun huce, kuma a wurin da wuta ke ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini wannan kai-komo ya fi yawa. A 2008 Nvidia ta ware kusan dala miliyan 200 don biyan gyaran laftof-laftof da ƙwaƙwalwar hotonsu ta mutu saboda irin wannan tsagewa. A 2024 Intel ta amsa cewa matsin wuta da ya wuce kima yana lalata wasu manyan ƙwaƙwalenta na zubi na 13 da na 14 sannu a hankali, har ta ƙara musu garantin shekara biyu. Idan zafi ko kuskuren wuta kaɗan zai iya yi wa manyan kamfanoni haka a kan na'urori sababbi, ina ga tsohon katin da ya riga ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa kafin ya iso hannunmu?

Wanda ke son taɓa saitin katinsa, akwai hanyar da ta fi dacewa da mu, ita ce ta ragi. Lissafin da ya cuci mai ƙari shi ne ke taimakon mai ragewa. Idan aka rage matsin wuta da kashi 10 aka bar bugu yadda yake, cin wutar yana sauka da kusan kashi 19. Katuna da yawa suna jure wannan, domin kamfani kan ba su wuta fiye da buƙatarsu don ya tabbatar ko mafi rauni a cikinsu ya yi aiki. Kati mai sanyi ba ya jan birki, don haka a ɗaki mai zafi yakan riƙe gudunsa fiye da wanda aka matsa wa. Idan ragin ya yi yawa, abin da ke faruwa shi ne manhaja ta tsaya, a mayar da saitin baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk wat ɗin da aka rage kuɗi ne ya zauna a aljihun mai janareta, kuma lokaci ne ya ƙaru a batirin mai sola.

Sai dai ragin wuta ba ya maganin ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da garin ƙasa, ga hanyoyin da ba kwalta, ga ƙaiƙayi lokacin sussuka. Fankar kwamfuta tana zuƙar duk wannan ta tura shi cikin siraran haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, har ya dunƙule ya zama kamar auduga ya toshe mafitar iska. A ƙarƙashin ƙarfen kuma akwai wani abu da ido ba ya gani. Fuskar ƙwaƙwalwa da ta jan ƙarfen da ke zaune a kanta, duk santsinsu, suna da 'yan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa tana cikin mafi munin abubuwan da ke isar da zafi. Jan ƙarfe ya fi ta sau dubu goma sha biyar. Shi ya sa ake shafa wani mai mai kauri, launin toka, don ya cike ramukan. Da shekaru da zafi man yakan bushe ya tsattsage, ko ya tsiyaye gefe. Laftof ɗin da ta yi shekara shida ko bakwai kafin ta shigo kwantena zuwa Legas, da wuya a ce man nata na nan da kyau. Alamomin a bayyane suke: fanka na kuka kamar za ta tashi sama, iskar da ke fita kaɗan ce, na'ura na nauyi bayan minti goma, ko ta mutu da kanta. Mai irin wannan na'ura ba shi da zaɓin ƙin buɗe ta. Ko dai a buɗe a gyara, ko a bar ta ta dafa kanta.

Mayar da ƙarfen sanyaya shi ne inda gwaninta take, domin yawan ɓarnar da ake ɗora wa buɗewa a wajen rufewa take aukuwa. A cire wuta da batir tukuna, a taɓa ƙarfe don sauke wutar jiki, a ɗauki hoton komai da waya kafin a kwance. Sukurorin a sassauta su kaɗan-kaɗan, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Laftof da yawa ma an buga lambobi 1 zuwa 4 a gefensu don nuna jerin da za a bi. Idan ƙarfen ya manne, a ɗan murɗa shi a hankali, kada a ɓamɓare da ƙarfi. Tsohon mai a goge shi tas da sipirit da ƙyalle marar zare, ba da fetur ba, ba kuma da bakin sukurudireba ba. Ƙwaƙwalwar hoto tsirara take, ba ta da murfin ƙarfe irin na babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, don haka sabon man dole ya rufe fuskarta duka har kusurwoyi, siriri ba tuli ba. 'Yan katifun roba masu laushi da ke kan ƙananan ƙwaƙwalen gefe suna da kauri daban-daban, rabin milimita, ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Idan aka sa wanda ya fi na asali kauri zai ɗage ƙarfen daga kan babbar ƙwaƙwalwar, idan ya gaza kuma ba zai taɓa ba. Wajen ɗaurewa a sake bin kusurwa da kusurwa, a tsaya inda sukuru ya tsaya, domin matsi a gefe ɗaya kan fasa ƙwaƙwalwar. Da zarar an ɗaga ƙarfe, ko da kuskure ne, sai an sake sabon mai. A ƙarshe a tabbatar an mayar da wayar fanka, a kunna, a duba zafi da manhaja irin GPU-Z ko HWiNFO, a kwatanta da na kafin gyara.

Wannan aiki yana buƙatar mai gyara da ya san abin da yake yi, kuma a nan ma akwai magana. Man goge baki da giris ɗin mota ba sa maye gurbin man ƙwaƙwalwa. Na farko yana bushewa cikin 'yan kwanaki. Hura fanka da bulowa ba tare da an riƙe fukafukanta ba yana iya lalata ta. Narkakken ƙarfen da wasu ke ɗauka ya fi kowane mai kyau yana ɗaukar wuta, yana kuma cin alminiyam, kuma shi Sony ta sanya cikin PlayStation 5, don haka masu shagon gem su yi hattara da wanda zai buɗe musu ita. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta daɗe da yin hukunci a kan wannan: mai sana'ar da ya kafa kansa yana karɓar kayan jama'a, yana ɗauke da lamunin abin da ya lalace a hannunsa idan ya keɓe da shi, sai ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Hukuncin da ya hau maɗinki da marini ya hau mai gyaran kwamfuta. Wanda ya fasa ƙwaƙwalwa wajen ɗaure sukuru bai kamata ya ce wa mai kaya dama can ta kusa mutuwa ba.

To ina garanti a duk wannan? Na kamfani, mai shekara biyu ko uku, galibi yana bin wanda ya saya sabo ne, da rasit, a ƙasar da aka sayar. Kati ɗan gwanjo da ya zo daga Turai ko Amurka ba shi da wannan a aikace. Garantin da mutumin Ikara ya sani shi ne na ɗan kasuwa, na 'yan kwanaki ko makonni, tare da sitikar da aka manna a kan sukuru: idan ta yage, magana ta ƙare. Wannan al'ada daga manyan kamfanonin aka koyo ta, alhali ko a ƙasar waje akwai hukumar da ba ta yarda da ita ba. A Amurka, bisa dokar Magnuson-Moss ta 1975, hukumar kula da ciniki ta FTC ta rubuta wa kamfanoni shida gargaɗi a Afrilun 2018, ciki har da ASUS da Sony da Microsoft, kan sharuɗɗan garanti da ke hana mai kaya kai shi wurin wani mai gyara ko yage sitika. A Yulin 2024 ta sake yin haka ga ASRock da Gigabyte da Zotac, dukkansu masu ƙera katin girafik. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin gargaɗin mai sauƙi ce: kamfani na iya ƙin gyara abin da mai kaya ya lalata da hannunsa, amma buɗewa kaɗai ba lalatawa ba ce.

Dokar Amurka ba ta aiki a Makarfi, amma mu ma ba mu rasa madogara ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai aiki marar aibi, da damar mayar da shi cikin wata uku idan ya gaza haka. Tun kafin ita, ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa, aibin da ya auku a hannunsa kuwa lissafinsa daban ne. Tambayar da shari'a da doka ke yi ɗaya ce, wato yaushe aibin ya faru kuma wa ya jawo shi, ba ko takarda ta yage ba. Tambayar tana da muhimmanci ƙwarai a kasuwar kayan hannu. Bayan 15 ga Satumban 2022, ranar da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katin girafik wajen haƙa, ɗimbin katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Akwai kuma dabarar gasa matacciyar ƙwaƙwalwa da iska mai zafi ta farfaɗo na ɗan lokaci, wanda sau da yawa ya isa ya wuce kwanakin garantin shago. Sitika a kan irin wannan kaya ba mai saye take karewa ba. Tana hana shi ganin abin da ya saya.

'Yan kasuwa ma suna da nasu kuka, kuma dole a saurare shi. Akwai masu sayen na'ura su cire lafiyayyen kaya su sa matacce su dawo da ita. Akwai wanda zai matsa wa kati har ya mutu, ya mayar da saiti yadda yake, ya zo yana rantsuwa bai taɓa komai ba. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma shi ya sa nake cewa mai ƙarin gudu ya riƙe asararsa. Kamfanonin ma haka suka ɗauke shi: Intel ta taɓa sayar da wata inshora ta daban ga masu ƙarin gudu daga 2012 har ta dakatar da ita a 2021, abin da ke nuna garantin yau da kullum bai taɓa ɗaukar wannan ba. Amma maganin ɓarawo ɗaya ba shi ne a ɗaure hannun masu gaskiya ɗari ba. A rubuta lambar katin da ta sauran kayan ciki a kan rasit. A gwada na'urar da aiki mai nauyi na aƙalla minti 20 a gaban mai saye, a rubuta zafin da ta kai. Mai sayarwa ya share ta ya sabunta mata mai kafin ta bar shago, ya faɗi gaskiya idan an taɓa gasa ta. Idan buƙatar buɗewa ta taso cikin kwanakin garanti, bai dace a ce mutumin Kurmin Kogi ko Likoro sai ya biya kuɗin mota zuwa Kano don a hure masa ƙura ba; a amince da wani sanannen mai gyara na kusa, a yi aikin ana ɗaukar bidiyo da waya a tura wa mai shago.

Kirana ga matasan Ikara da Makarfi da Kudan shi ne su bar katunansu a gudun da aka ƙera su da shi, ko su rage musu wuta, su ɗaga na'ura daga ƙasa da kan katifa, su share ta bayan kowane hunturu kafin zafin bazara ya shigo, kuma kada su bar shago ba tare da rasit mai lamba da sharaɗi a rubuce ba. Ƙungiyoyin masu sayar da kwamfuta da masu gyara a Zariya da Kano su zauna su rubuta ƙa'ida ɗaya da za ta raba kula da ganganci, makarantun koyon sana'a na yankin kuma su sanya wannan aiki cikin abin da suke koyarwa. Wanda ya matsa wa kati ya ƙone, asararsa ce. Wanda ya fasa wajen gyara, ya biya. Wanda ya sayar da aibi a ɓoye, ya karɓi kayansa ya mayar da kuɗin mutane.